Ilmin Sarrafa Bayanan Lafiya: Yadda Alƙaluma Ke Tarar Annoba

A kowane ƙaramin asibiti na Gwiwa, Roni, Kazaure ko Babura akwai littafin rajista, inda ma'aikacin lafiya ke rubuta shekarun majinyaci da garinsu da ciwon da ya kawo shi. Shafi guda ba ya nuna wani abu mai yawa. Amma idan aka tattara shafukan asibitoci da dama aka auna su, sai su zama ƙararrawar gargaɗi. Wannan tattarawa da aunawa da kwamfuta shi ake kira ilmin sarrafa bayanan lafiya.

Alal misali, a ɗauki cutar sanƙarau. Jihar Jigawa tana cikin yankin da cutar ta fi addaba, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha, kuma takan yi ƙamari da rani. A shekarar 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta hallaka sama da 11,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni: idan aka sami mutum 10 cikin kowane 100,000 da ake zaton sun kamu a mako guda, to annoba ta ɓarke. Ke nan gundumar da ke da mutum 50,000, majinyata 5 kacal sun isa a tashi tsaye. Biyar ɗin nan kuwa suna iya warwatsuwa a asibitoci biyar, kowane ma'aikaci ya ga ɗaya, babu wanda ya tsorata. Sai an haɗa alƙaluman hatsarin ke bayyana.

Saboda haka kowace ƙaramar hukuma take da jami'in sa ido kan cututtuka, mai aika rahoton mako zuwa jiha, daga nan ya wuce Abuja. Rahotannin wata-wata kuwa manhajar DHIS2 ake zuba su, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke kula da ita.

To, ina aikin manazarci? Shi ne mai bin diddigin inda tsarin ke yoyo. Me ya sa rahoton wani asibiti ke makara? Sifilin da aka rubuta, rashin ciwo yake nufi ko rashin rubutu? Yaya za a kare sirrin majinyaci? Amsar kowace tambaya bincike ce mai zaman kanta.

Ɗalibin da ke sha'awar wannan fanni ya riƙe lissafi da ilmin halittu da hannu biyu, sa'an nan ya koyi kwamfuta. Daga nan sai digirin farko a fannin ƙididdiga, kwamfuta ko likitanci, a irin su Jami'ar Bayero ta Kano ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, kafin digiri na biyu da na uku.

Aikin aji: gunduma mai mutum 80,000 ta sami majinyata 6 a mako guda. Shin ta kai ma'aunin annoba?