Yadda Allurar Rigakafi Ke Tare Baƙuwar Cuta

Jikin ɗan Adam kamar birni yake. Fata ita ce ganuwa, fararen ƙwayoyin jini kuwa su ne mayaƙan da ke tsaron ciki. Idan ƙwayar cuta ta sami kafa ta shiga, sai mayaƙan nan su dube ta, su ƙera makamin da ya dace da ita. Amma ƙirar takan ci mako ɗaya ko biyu, kafin nan kuwa cuta ta yi ɓarna, wani lokaci har ta kai mutum kushewa. Wanda ya tashi, jikinsa ba ya manta kamannin abokin gaban. Ran da ya komo, nan da nan za a murƙushe shi. Shi ya sa ba safai ƙyanda ke kama mutum sau biyu ba.

To, daga nan za mu gane dalilin da baƙuwar cuta ta fi ban tsoro. Yawancin irinta daga dabbobi suke tsallakowa zuwa ga mutane, su tarar babu jikin da ya san su, yaro da babba duk ɗaya. Haka Ebola ta yi a Afirka ta Yamma a 2014, har ta taɓa Ikko. Haka kuma korona, wadda ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019.

Aikin allura shi ne ta nuna wa jiki abokin gaba tun ba a ja daga ba. Wani likitan Ingila, Jenner, shi ya share wannan hanya a 1796, sa'ad da ya yi wa wani yaro lamba da ruwan ƙurjin aganar shanu, aganar mutane ta kasa kama shi. Da lamba aka bi agana ƙasa ƙasa, har a 1980 aka tabbatar ta ƙare a duniya. Daga baya masana suka koyi kashe ƙwayar cuta, ko raunana ta, ko ɗebo ɗan yankinta, su sa cikin allura. Waɗansu alluran korona ma saƙo kawai suke kaiwa, jiki da kansa ya ƙera yankin ya yi atisaye da shi. A Disamba 1920 wannan da tatsuniya ne, amma a Disamba 2020 aka soma yi wa jama'a ita a Ingila, shekara guda da ɓullar cutar.

Abu biyu ya kamata mu riƙe. Na farko, waɗansu ƙwayoyin, kamar na mura da korona, sukan sāke kama, don haka akan sabunta allurarsu a maimaita. Na biyu, allura ba don mai ita kaɗai ba ce. Cuta kamar gobara take cikin gidajen ciyawa, in ba ta sami na kusa da za ta kama ba sai ta mutu. Ƙyanda sai an yi wa wajen 95 cikin 100 kafin hanyarta ta toshe. Ashe duk wanda ya miƙa dantse, ya tsare jaririn maƙwabcinsa da bai isa allura ba tukuna.