Garkuwar Jikin Kaza da Ribar Mai Kiwon Kajin Ƙwai

Masu kiwon kajin ƙwai a Kafanchan, Kagoro, Zonkwa da Kwoi sun san cewa abinci ne ke cinye mafi yawan jarinsu. Sai dai ribar wannan jari ta dogara ne ga lafiyar wani bututu da ke cikin kaza, mai tsawon santimita 60 zuwa 70. A cikinsa ne gwaiduwa ke samun farin ƙwai da ɓawo, aikin da kan ɗauki kimanin awa 25.

Bakin bututun ya haɗu da mafitar kashi, don haka ƙwayoyin cuta kan sami hanyar shiga. Masu tsaron wurin su ne fararen ƙwayoyin jini da ke jikin bututun. Wasu kan haɗiye ƙwayoyin cuta, wasu kuma kan samar da sinadaran kariya. Wani kaso na sinadaran kariya da ke cikin jinin kaza yakan shiga gwaiduwa, ya kare ɗan tsako a makonninsa na farko.

Bincike ya nuna cewa wannan tsaro yakan raunana a daidai lokacin da sagara za ta fara ƙwai, wato tana da mako 18 zuwa 20. A nan ne ƙwayar Salmonella kan sami damar yaɗuwa, har ta shiga ƙwan da za a kai kasuwa. Cutar Newcastle kuwa, wadda ta fi ƙamari da hunturu, takan rage yawan ƙwai, ta kuma lalata ɓawo. Alal misali, in garken kaji 1,000 ya rage ƙwai 300 a rana, hasarar kiret 10 ke nan kullum, alhali kuɗin abinci yana nan.

Saboda haka wajibi ne a kammala rigakafi kafin kaji su fara ƙwai, galibi a mako na 16 zuwa 18. Haka kuma kada a tsallake rigakafin Gumboro, cutar da ke lalata tushen garkuwa tun kaji suna 'yan tsaki. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa magungunan rigakafin Newcastle da Gumboro. Ana ajiye su cikin sanyi, domin zafi yana kashe ƙarfinsu.

Mai sayen sagaru ya nemi takardar rigakafinsu, ya nuna wa likitan dabbobi kafin ya biya kuɗi.