Kifin Challawa da kindirmon Rogo: za su kai Ikko lafiya?

Tambaya:

 Ni 'yar Rogo ce. 'Yata ta haihu a Obalende, cikin tsibirin Ikko, zan je mata wankan jego a jirgin sama daga Kano. Ina so in tafi mata da ɗanyen kifin dam da ƙanena ke samo mana daga Karaye, da naman rago, da kindirmo, da fura, da man shanu, don ta ce kwaɗayinsu take yi. Maƙwabciyata ta ce in daskarar da su in zuba a kula da ƙanƙara. Shin za su kai ba su lalace ba?

Wata uwa daga Rogo

Amsa:

 Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya.

Shawarar maƙwabciyarki tana da amfani, amma kafin a zo kan kula bari mu ƙirga awannin tafiyar, domin mutane sukan lissafa zaman cikin jirgi kaɗai, wanda bai fi awa ɗaya da rabi ba daga Kano zuwa Legas. Kayanki kuwa tun daga ƙofar gida suke fara hucewa. Ki bar Rogo bayan sallar asuba, ki bi ta Karaye, sai kin ci awa biyu zuwa uku kafin ki isa filin jirgin Malam Aminu Kano. Ki ƙara awa biyu na jira. Bayan an sauka a Ikeja akwai jiran kaya, sannan a hau gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, wadda cunkosonta kan riƙe mutum awa biyu. Kin ga an doshi awa tara ko goma ke nan, in ba a ɗage tashin jirgi ba. In kuma lokacin bazara ne, zafin Kano kan haura digiri 40.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce abinci mai saurin lalacewa ya zauna ƙasa da digiri 5 ko sama da digiri 60. A tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, wasu suna ninka yawansu duk minti 20. Shi ya sa ko dafaffen abinci ba a so ya wuce awa biyu a ajiye a fili.

Naman rago dai ki bar shi. Dabbobin da ake yankawa a mayankar Oko-Oba da ke Agege yawancinsu daga nan Arewa ake loda su, kuma 'yan uwanmu ne ke sayarwa. Surukinki zai samo mata nama mai kyau, har da ƙafafun saniya na ƙauri. In kuma kina so lallai ta ci daga hannunki, ki soya shi ya soyu sosai kamar naman sallah, ko ki yi mata dambun nama. Waɗannan ba ruwansu da ƙanƙara.

Kifin ne na fahimci abin da ya sa zuciyarki ta kafe a kansa. Wanda ya tashi da cin tarwaɗa da karfasa na dam ɗin Challawa, tun da aka kammala shi a 1992, ba ya jin daɗin kifin kwali. Amma kifi ya fi nama saurin ruɓewa, kuma daga cikinsa da wurin numfashinsa yake farawa. Abin da zan zaɓa miki shi ne ƙaninki ya sa a kyafe shi tun a bakin ruwa, a bar shi kan wuta marar ƙarfi har ya bushe ƙayau, in an karya ya yi ƙas ba danshi a tsakiya. Kyafaffen da aka yi wa sama-sama, ya yi baƙi a waje cikinsa da laushi, kwana biyu a leda zai yi funfuna. Ki naɗe busasshen a takarda, ki sa a kwali, kada ki ɗaure shi a leda yana da ɗumi.

In kin ce sai ɗanye, to a yi shi da kyau. A fasa cikin kifin a wanke ranar da aka kama shi, a ƙulla a leda biyu, a sa a firiza kwana biyu cur. Tun da wuta ba ta tsayawa, ki kai ajiya wurin mai sayar da ƙanƙara da ke da sola ko janareto, domin firizar da ke mutuwa da rana ta tashi da dare ba ta daskarar da abu har tsakiya. Sai kifin ya koma kamar dutse, in kin ƙwanƙwasa biyu su yi ƙara, sannan ya isa tafiya. Maimakon farfasasshiyar ƙanƙara, ki daskarar da ruwa a gorunan roba masu murfi, ki jera a ƙasa da gefe da sama. Farfasasshiya narkewa take yi, ruwan kifi ya tsiyaye, kuma ma'aikatan jirgi suna iya ƙin karɓar kula mai yoyo. Ki cike duk wani gurbi da tsofaffin jaridu ko tawul, don iskar da ke ciki ita ke cinye sanyin. Ki rufe, ki naɗe bakin da salatef, amma ki riƙe ragowar salatef ɗin a hannu, saboda masu bincike za su iya cewa a buɗe. A mota kada a ɗora kular a kan rufi. Ta shiga cikin kayan awo, ba jakar hannu ba, kuma 'yarki ta kira kamfanin jirgin ta ji nauyin da tikitinki ya ba ki.

Da kin isa, kafin a gama gaisuwa, ki buɗe ki taɓa. In yana da tauri ko da sauran ƙanƙara a jikinsa, ya koma firiza. In ya saki amma yana da sanyi kamar daga firji aka ciro shi, a dafa shi a ranar. In ya huce, Hajiya, ki daure ki zubar, ko da bai yi wari ba. Hanci ba ya gane kowace ɓarna, kuma akwai dafin da wasu ƙwayoyin cuta ke bari wanda tafasa ba ta kashe shi. Amai da gudawa ga mai jegon da ke shayar da jariri ba ƙaramin abu ba ne.

Kindirmo ba na ba ki shawarar ɗaukarsa. In ya ji zafi tsami yake ƙarawa ya kumbura, a sama kuma matsin iska yana raguwa, murfin ya ɗage ya jiƙe miki zannuwan jariri. A jakar hannu ma ba a barin ruwa-ruwa mai yawa. Sai dai ki kai mata ɗan kaɗan a daskare cikin kular, ta yi amfani da shi a matsayin iri, ta dama madarar gari ta kwana, ta samu nata kindirmon. Fura ma kwana ɗaya take yi ta juya, don haka ki surfa gero, ki niƙa da citta da kanumfari da barkono, ki shanya garin ya bushe, can ki dafa mata sabuwa. Man shanu ki soya shi da albasa har ruwansa ya ƙone, ya huce, ki ɗura a gora mai murfi ki saka a leda. Gurbin da naman ya bari ki cike shi da kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yajin jego da kanwar kunu, waɗanda suka fi tsada a can.

Ga masu 'ya'ya a Ingila kuwa, dokar ta bambanta: daga Najeriya ba a shiga da nama ko kayan madara ko kaɗan, har kilishi da dambu da man shanu. Kifi an yarda har kilo 20, in ɗanye ne a fasa cikinsa, zuma kuma kilo 2.

Allah ya kai ki lafiya, a gaida mai jego da angon ƙarni.