Gonar Gwaji a Cikin Waya

'Yata, saƙonki ya same ni bayan la'asar ina zaune a zaure. Na saurare shi har sau biyu. Kin ce kullum kina ɗora hoton mazarƙwaila da man gyaɗa a waya, mutum kusan 400 suna buɗewa, amma da ƙyar uku ko huɗu ke saye. Na ji gajiya a muryarki. Har kin fara tunanin ko baki ne ya kama sana'ar.

Kwantar da hankalinki, 'yar albarka. Haka kasuwa take tun kafin a haife mu. Ki tuna ranar kasuwar Rogo. Mutum nawa ke giftawa ta gaban mai tireda? A cikinsu nawa ke tsayawa, nawa ke ɗaga kaya su jujjuya, nawa ke tayawa, nawa ake ce wa "na sallama"? Taron yana raguwa ne mataki-mataki. Manyan kantunan intanet na Turai da Amurka ma, in mutum 100 suka shiga, galibi biyu ko uku ne ke biyan kuɗi. Wata cibiyar bincike a ƙasar Denmak mai suna Baymard ta tattara alƙaluma, ta ga cewa kusan 70 cikin 100 na waɗanda suka riga suka zuba kaya a kwando suna ajiyewa su tafi. Babban abin da ke korarsu shi ne kuɗin da ke ɓullowa daga baya, irin kuɗin kai kaya. To kin ga ba ke kaɗai ba ce.

Amma ruwa ba ya tsami banza. A cikin waɗanda suka wuce akwai masu kallo kawai, Allah ya raka taki gona. Akwai kuma waɗanda suka so saye, wani ɗan abu ya tare su. Su ne naki. Aikinki shi ne ki gano abin da ya tare su, ki kawar. Hanyar ganowar kuwa na san ta, ko da yake ban iya latse-latsen waya kamar ku ba. A gona na koye ta.

Kin san na yi shekaru ina aikin malamin gona a wannan yanki namu. In aka kawo sabon iri daga cibiyar binciken noma ta Samaru, ba ma tara manoma mu yi ta wa'azi. Manomi ba ya jin wa'azi a kan abin da zai ciyar da iyalinsa. Sai mu nemi fili a bakin hanya, mu raba shi biyu. Nan tsohon iri, nan sabo. Rana ɗaya ake shuka, taki ɗaya, noma ɗaya. Da kaka a auna a gaban kowa, tiya bayan tiya. Gani ya kori ji. Cibiyar ta Samaru a Zariya tun 1922 take irin wannan aiki. A Ingila ma akwai wata tsohuwar gonar bincike, Rothamsted, inda wani masanin lissafi Ronald Fisher ya kama aiki a 1919, ya tsara yadda za a raba fili a yi gwaji ba tare da mutum ya yaudari kansa ba. Ƙa'idar da masu kasuwancin intanet ke bi yau, su nuna wa rabin mutane fuska ɗaya, rabi wata fuskar, su ƙirga wacce ta fi kawo ciniki, jikar wannan aikin gona ce. Ke 'yar Beli ce. Gadonki ne.

Bari in ba ki labarin kunyar da na sha, don ki tsira daga irinta. Wata shekara na yi gonar gwajin masara, ɓangaren sabon iri ya yi kyau har ana zuwa kallo daga ƙauyuka. Ina ta washe baki. Da muka gama awo sai wani dattijo ya ja ni gefe, ya ce, "Malam, ka san wurin nan da ka sa sabon irin, Fulani sun yi zango a kai da rani?" Ashe kashin shanu ne ya yi rabin aikin, ni kuma na ba iri lada duka. Dattijon bai tona ni a gaban jama'a ba, Allah ya jiƙansa. Tun daga ranar nake duba ƙasa kafin in duba shuka.

Abin da nake so ki ɗauka daga nan shi ne, abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Taura biyu ba ta taunuwa. In kin canza hoto, kin rage farashi, kin kuma ɗora da daddare maimakon da safe, sai ciniki ya ƙaru, wanne za ki gode wa? Ba ki sani ba. Gobe in ya ragu, nan ma ba ki san wanda za ki gyara ba.

Ga yadda nake gani za ki fara. Ki samo littafi, ko na 'yan firamare ne. Ki ja layi huɗu: waɗanda suka gani, waɗanda suka yi magana, waɗanda suka ce a ajiye musu, waɗanda kuɗinsu ya shigo. WhatsApp yana nuna miki adadin waɗanda suka buɗe abin da kika ɗora kafin ya goge bayan awa 24, saboda haka ki riƙa rubutawa kafin ya tafi. Mako biyu kada ki canza komai, ki yi ta rubutu kawai. Littafin nan zai nuna miki inda tulun yake yoyo. In ana gani ba a magana, matsalar tana hoto ko bayani. In ana magana ba a biya, tana wajen farashi, ko kuɗin mota, ko kuma zuciyarsu ba ta kwanta ba tukuna.

Daga nan sai gwaji. Ki raba sunayen masu sayenki gida biyu. Amma kada ki zaɓa da son zuciya, ki tara ƙawayenki da 'yan uwa a gefe ɗaya. Wannan shi ne zangon shanun. Ki bi jerin sunayen yadda suke, na farko nan, na biyu can, na uku nan, har ƙarshe. Ki tura wa kowane gida saƙonsa a rana ɗaya, a sa'a ɗaya.

Da ni ne, da farashi zan fara. Na lura ku yaran yanzu kuna son ku ce "mai so ya yi magana ta ciki". Na san dalili, kuna gudun masu leƙen asiri. Amma ki tuna halin mutanenmu. Mace mai kunya a Kano ko Zariya tana son kayan, tana tsoron ta tambaya ya fi ƙarfinta ta ji nauyin janyewa. Sai ta wuce shiru, ke ba ki ma san ta zo ba. To ki gwada. Gida ɗaya ki rubuta kuɗin ƙarara, har da kuɗin mota zuwa tasha. Ɗaya gidan ki bar shi yadda kika saba. Ni ina zargin na farko zai ci, amma zargina ba awo ba ne.

Kin ga ko masana ma suna faɗuwa a wannan zato. A ƙarshen 2007, lokacin da Barack Obama ke neman takarar shugabancin Amurka, ma'aikatansa suka so ƙara yawan masu ba da adireshinsu a shafinsa. Suna da hotuna uku, bidiyo uku, da kalmomi iri huɗu na wurin latsawa. Yawancinsu sun fi son wani bidiyo. Aka gwada a kan mutum sama da 300,000. Bidiyoyin duka suka sha ƙasa. Hoton mutumin da iyalinsa ne ya yi nasara, masu rajista suka tashi daga kusan 8 cikin 100 zuwa sama da 11. Da sun bi ra'ayin manyan ofis, da sun yi asara suna murna. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wannan zancen bidiyo ma ya shafe ki. Mai buɗe saƙonki wataƙila datarsa ta naira 200 ce, sabis kuma yana zuwa yana ɗaukewa. In bidiyon ya tsaya yana juyi, ba zai jira ba. Hoto guda mai haske, an ɗauka da hantsi a kan tabarma mai tsabta, yana iya yin aikin. Shi ma ki gwada shi in lokacinsa ya zo.

Sai haƙuri wajen yanke hukunci. Mutanen Obama suna da dubban ɗaruruwa, ke kina da ɗaruruwa. In gida ɗaya ya sayi biyar, ɗaya ya sayi huɗu, ba ki gano komai ba tukuna. Wataƙila wata ce ta tashi biki. Ki maimaita sau uku, sau huɗu, ki musanya gidajen. Kada kuma ki auna cinikin ƙarshen wata, da albashi ya shigo, da na tsakiyar wata. Haka na azumi da na bayan salla. Ba a gwada amfanin fadama da na tudu a ce iri ne ya bambanta.

Akwai abin da nake jin zai fi komai nauyi a littafinki, wato yarda. Wanda ke Abuja zai tura kuɗi Beli, garin da wataƙila bai taɓa ji ba, ga wadda bai taɓa gani ba. A wurinsa cinikin biri a sama ne. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutanenmu suka saba da tura kuɗi ta waya, ko'ina ka duba ga mai POS, ga OPay, ga Moniepoint. Amma sabo da turawa bai cire tsoron 'yan damfara ba. To ki sauƙaƙa masa. Sunan da ke kan asusu ya zama shi ne sunan da ya san ki da shi. Ki faɗi ranar da mota za ta tashi, ki tura hoton ƙunshin da sunansa a jiki, ki ba shi lambar direba. In wata ta karɓi kaya ta yaba, ki nemi izininta kafin ki nuna wa wasu. Kuma ki amsa da wuri. Mai saye kamar baƙo ne a ƙofar gida, in ya yi sallama sau uku shiru, zai juya.

Za ki ga wasu suna rubuta "saura biyu kacal" alhali ɗaki cike yake. Ba zan ɓoye miki ba, in kin gwada wannan, lambar za ta iya tashi a makon farko. Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da mai saye ta ga "saura biyu" ya kwana goma yana saura biyu, ta daina yarda da nauyin mazarƙwailar ma. Littafinki ba zai nuna miki ita ba, don ba za ta yi faɗa ba, za ta daina buɗewa ne kawai. Na san ba halinki ba ne, tarbiyyar gidanku na sani. Na faɗa ne don wata rana wani zai ba ki shawarar da sunan dabara. Shi ya sa nake so ki ƙara layi na biyar, na waɗanda suka dawo suka sake saye. A wajena wannan layin ya fi sauran daraja.

In kin zo gida da salla ki taho da littafin, mu zauna a zaure mu duba tare. Idona ya yi rauni amma lissafi bai gudu ba. Ki riƙo mini mazarƙwaila ƙwarya biyu, kuma da kuɗina zan saya, kada ki ce komai. Ki rubuta ni a layi na huɗu. Ki gaida mahaifiyarki da kyau.