Karatun Falsafa a Jami'a: Hukuncinsa da Amfaninsa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, iyaye da yawa kan shiga zulumi in aka ba ɗansu gurbin karanta falsafa a jami'a. Tambayarsu biyu ce: shin karatun ba zai taɓa imaninsa ba? In ya gama kuma, da me zai ci abinci?

Tambayar farko malamai sun daɗe da amsa ta. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, sai da ya karanci falsafa ya ƙware, sannan ya yi mata hukunci. Ya kasa ta gida shida: lissafi, da mandiƙi, da ilmin halittu, da ilmin Allantaka, da siyasa, da ɗabi'u. Lissafi da mandiƙi bai ga aibinsu ba, har ma ya yi gargaɗin cewa mai musun su da sunan addini ɓarna yake yi wa addinin. A cikin littafinsa Tahafutul Falasifa ya ƙi mas'ala 20, amma uku ne ya ce kafirci ne: cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah bai san abubuwa ɗaya bayan ɗaya ba, da musun tashin jikkuna ranar Ƙiyama. Daga baya Ibn Rushdi, alƙalin Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani.

Ƙasar Hausa ma ba baƙuwar wannan ilmi ba ce. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare mandiƙi sa'ad da Imamu Suyuɗi ya haramta shi. A daular Sakkwato kuwa Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, ya yi rubuce-rubuce a fannin hikima.

Game da tambaya ta biyu, abin da ɗalibi yake fita da shi shi ne iya auna hujja, da gane inda magana ta karkace, da rubutu mai tsari. Da wannan ake koyarwa, ake aikin jarida, ake aikin gwamnati, wasu kuma su ƙara da karatun shari'a su zama lauyoyi. A Jamhuriyar Nijar falsafa darasi ce a ajin ƙarshe na sakandare, saboda haka akwai bukatar malamanta. Sai dai takardar shaidar ba ta kai mutum ga sana'a guda kai tsaye kamar ta likita, don haka ya kamata ɗalibi ya haɗa da wata ƙwarewa tun yana makaranta.

Abin da ya wajaba a kan uba shi ne ya tabbatar ɗansa ya san tauhidi sosai, kuma yana da malamin da zai riƙa kai wa abin da ya shige masa duhu. Wanda bai iya iyo ba, ba a tura shi kogi.

Allah shi ne Mafi sani.