Amsoshin Tambayoyinku: Wa ya gano sanadin sankarar bakin mahaifa?

Wata ungozoma daga Damagaram tana tambaya: wa ya gano abin da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, kuma shi kaɗai ya yi aikin?

Sunansa Harald zur Hausen, Bajamushe ne, an haife shi a 1936, ya rasu a 2023. A shekarun 1970 yawancin masana wata ƙwayar cuta daban suke zargi. Shi kuwa ya tsaya kai da fata cewa HPV ce, dangin ƙwayar nan mai fito da ƙananan tsiro a fata. Kaɗan ne suka saurare shi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1983, a birnin Freiburg, shi da Lutz Gissmann da ɗalibinsu Matthias Dürst suka zaƙulo HPV 16 daga ɗan naman da aka yanko a jikin masu ciwon. A 1984 wani abokin aikinsu, Michael Boshart, ya gano HPV 18. Waɗannan nau'o'in HPV biyu ne ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara.

Abin da ya fi burge ni, ba su ɓoye samfurin ƙwayoyin cutar ba, sun raba wa ɗakunan bincike na duniya. A kan wannan tushe Ian Frazer da Jian Zhou suka ɗora aikinsu a Ostireliya, har aka sami allurar rigakafi a 2006. Zur Hausen ya karɓi lambar Nobel a 2008.

Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 wannan allura kyauta a Oktoban 2023.