Amsoshin Tambayoyinku: Mutum zai iya ƙirƙiro harshe nasa?

Wani ɗalibi daga Kakuri, kudancin Kaduna, yana tambaya: shin gaskiya ne mutum ɗaya kan zauna ya ƙirƙiro harshe har da nahawunsa?

Ƙwarai kuwa, ɗan'uwa. A shekarar 1887 wani likitan ido a birnin Warso na ƙasar Poland, L. L. Zamenhof, ya fitar da harshen Esperanto da ƙa'idojin nahawu 16. Kowane suna yana ƙarewa da o, kowace sifa da a, jam'i kuma a ƙara j, shi ke nan. Ka kwatanta da Hausa: gida gidaje, doki dawaki, mace mata, kowa da hanyarsa. Shi kuwa Marc Okrand, da ya shirya harshen Klingon saboda finafinan Star Trek, da gangan ya sa karɓau a farkon jimla, aikatau a tsakiya, aikau a ƙarshe, don ya yi wa kunne baƙunta.

Mu ma muna da zaurance, inda yara kan juya gaɓoɓi, tuwo ya koma wotu. Sai dai a nan kalmomi kaɗai aka sauya, nahawun na Hausa ne.

Idan kana sha'awa, to kana wuri mai kyau. Shiga kasuwar Sabon Tasha da ke nan Kaduna da littafin rubutu, ka tambayi Bagwari, Bajju ko Bayarabe yadda yake nuna jam'i da lokaci, da ko yana bambanta "ya zo" da "ta zo". Ni dai daga nan zan so ka fara, kafin ƙaga kalmomi.